Shafin Ƙarshe na Littafin Mama Ticha

'Yata ta dawo daga makaranta da wani littafin yara mai hotuna, na bukukuwan duniya, ta baje shi a kan tabarma tana nuna mini. Ba ta kai shekara goma ba, amma bakinta ya fi nawa kaifi, ni kuwa kowa ya san ba kanwar lasa ba ce. Ta nuna mini masu jera fitilu a bakin kogi, da masu watsa wa juna garin launi har sun koma kamar tsumman mai fenti. Da muka iso shafin Kirsimeti sai ta tsallake. Na tambaye ta dalili, ta ce wannan na waɗancan ne, ƙawayenta ma sun ce ko ruwansu ba a sha. Ba da ƙiyayya ta faɗa ba, ta faɗa ne kamar mai gaya maka wuta tana ƙuna. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na ce mata kakanta, wato mahaifina, shi ne mai yanka akuyar Kirsimeti a layinmu. Ta kwashe da dariya, ta ce na cika tatsuniya.

A unguwar Kwararafa da ke Jos na tashi, katangarmu ɗaya da wata malamar firamare, Kirista 'yar asalin Filato, wadda duk layin ke kira Mama Ticha. Safiyar Kirsimeti, cikin sanyin Jos mai sa haƙora kaɗawa, mijinta kan ƙwanƙwasa mana ƙofa ya gaya wa Baba akuya tana jira. Ba sa yankawa da kansu, don ba kowa a layin zai ci yankansu ba, Mama Ticha kuwa ta ce ba ta ga amfanin dafa naman da maƙwabci zai kawar da kai daga gare shi ba. Baba zai wasa wuƙa yana mita wai akuyar bana ta fi ta bara rama, mijin yana riƙe da ƙafafu yana cewa ai ragon layyarmu ma sai da aka tallafe shi ya tsaya. Kafin azahar shinkafa da miya da cincin sun shigo gidanmu. Da Babbar Sallah kuma ni ake ɗora wa cinyar rago in kai musu.

Mama Ticha tana da irin littafin nan na bukukuwa, na Turanci, bangonsa duk faci. Takan tara mu a barandarta, mu da 'ya'yanta, ta karanta tana fassarawa. A saman kowane shafi an rubuta sunan ƙasar. Shafin Kirsimeti dusar ƙanƙara ce da wani tsoho mai jar riga, shafin Sallah kuwa raƙuma ne da tantuna a cikin yashi. Wata rana na tsuke baki na ce wanda ya yi littafin nan bai taɓa zuwa Jos ba, babu mu babu su Mama Ticha a ciki. Ta ce da ni uwar tsiwa, sannan ta zaro biro daga gashinta, ta buɗe farin shafin da ke ƙarshe ta fara zane.

Allah ya ba ta koyarwa, amma bai ba ta zane ba. Akuyar ta fito kamar kujera mai ƙaho. Ga Baba da hularsa da wuƙa, ga mijinta a durƙushe, ga ni a gefe da kwano wanda ya fi kaina girma. Muka yi ta dariya har da hawaye. Ba ta rubuta komai a sama ba, don dukanmu mun san inda ne.

Sai rikici ya zo. Ba zan ba da labarinsa ba, wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ya gani. Bayan ƙura ta lafa kowa ya fara neman unguwar da masu irin addininsa suka fi yawa. Su Mama Ticha suka koma unguwar Kabong, Baba da kansa ya taya su ɗora kaya a mota. Kirsimetin da ya biyo baya ya tashi ya wasa wuƙa kamar kullum, ya zauna a zaure. Har aka kira azahar ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ya mayar da wuƙar cikin kube, kuma har ya rasu ban ji ya ta da maganar ba.

Dariyar 'yata ta hana ni sukuni. Na ga in ban yi wani abu ba, yarinyar nan za ta girma da yaƙinin cewa uwarta maƙaryaciya ce, kuma waɗancan ba su taɓa zama mutanenmu ba. Na yi ta cigiya, har wata mai sayar da dankali a kasuwa, wadda suke coci ɗaya, ta kwatanta mini gidan. Maigidana bai so ba, amma ya san halina, ya ce mu dawo kafin la'asar.

Mai keke ya ajiye mu a bakin titi, ya ce shi iyakarsa nan. Muka taka da ƙafa, idanu na bin hijabanmu, 'yata ta damƙe hannuna har ya yi zufa. Ni ma gabana yana faɗuwa, a garin da aka haife ni, kuma na ji haushin kaina.

Mama Ticha ta tsufa, mijin ya rasu, idanunta sun yi rauni. Da muryata ta gane ni. Ta rungume ni tana kuka, tana tambayar Baba, na gaya mata, ta sake sabon kuka. Jikokinta suna leƙen mu ta bayan labule, ta kira su ta kira su, suka ƙi fitowa. Mai dankali ta riga ta gaya mata muna tafe, don haka ta sa an dafa shinkafa da kifi.

"Ki yi haƙuri, yarinya na, ba nama," ta ce. "Babu mai yanka mana yanzu."

Na ci har na ƙoshi. 'Yata ta ce ba ta jin yunwa. Na harare ta, Mama Ticha ta dafa gwiwata ta ce in ƙyale ta, ba laifinta ba ne. Sannan ta lallaba ɗaki ta fito da littafin, ya yi ja, facin ya ƙaru. Ta ɗora a cinyar 'yata, ta ce ta ba ta, ita yanzu ba ta ganin hotunan, nata jikokin kuma waya suka sani. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, wannan kam na ji daɗinsa.

A keken dawowa ban nuna mata komai ba, ina so ta gano da kanta. Ta yi ta buɗawa tana karanta sunayen ƙasashe a sama, har ta iso shafin biro. Ta daɗe tana kallo. Na ga ta sa yatsa a kan hular, ta sa a kan mutumin da ke durƙushe yana riƙe masa ƙafafun akuya. Ina jira ta ce ashe gaskiya na faɗa.

Ta ɗago kai ta ce, "Umma, wannan sun manta ba su rubuta ba. Wace ƙasa ce?"

A daidai lokacin keken yana wuce bakin tsohon layinmu, ga katangar nan tana nan yadda take. Na nuna mata ita da hannu. Ta leƙa ta duba sosai, ta sake duba shafin, sannan ta juyo tana jiran in ba ta amsa.