Baban Ladi, Mai Askin Yaran Ƙauye

Shekara tara ke nan da na binne mijina, Istifanus, wanda mutanen Karu suka fi sani da Baban Ladi. Mai aski ne, shagonsa na bakin kasuwa. Bai iya wa'azi ba, ko addu'ar cin abinci aka ba shi sai ya yi ta in'ina. Amma duk damina, idan cocinmu ya shirya tafiyar bishara zuwa wani ƙauye can bayan Kuje, shi ne farkon shiga mota.

Masu aikin jinya suna ɗaukar magani, mata suna ɗaukar tufafi da garin kunu. Shi kuwa injin askinsa na hannu yake ɗauka, da sabulu da bokiti. Yaran ƙauyen kuwa, cutar makero ta cinye musu kai, ga ƙwarƙwata. Sai ya kafa benci a gindin mangwaro, ya yi musu aski, ya wanke kan, ya shafa magani. Idan ya dawo nakan ce, "Baban Ladi, aski ne zai cika musu ciki?" Sai ya ce, "Maman Ladi, abin da na iya ke nan."

A tafiyar ƙarshe sun tarar da amai da gudawa ya shiga ƙauyen. Ruwa kuma ya cinye gada, mota ta tsaya a wancan ƙetaren. Shugaban tafiyar ya ce a ajiye kaya a juya, kuma ban ga laifinsa ba, rayukan mutane ne a hannunsa. Mijina ya ce shi zai tsaya. Shi da wata ma'aikaciyar jinya suka yi ta goya yaran da suka galabaita suna tsallake rafi da su zuwa bakin hanya. Waɗansu sun kai asibiti a Gwagwalada. Wata yarinya a bayansa ta cika, bai sani ba sai da ya sauke ta.

Ya iso gida idanunsa sun zurma. Na ce mu tafi asibiti, ya ce gajiya ce kawai. Wanzami ba ya son jarfa. Da ya yarda aka kai shi, jijiyar da za a sa ƙarin ruwa ma da ƙyar aka samu. Maganarsa ta ƙarshe da ni ba ta gida ba ce. Cewa ya yi, "Ban ƙarasa wa yaron nan askinsa ba." Mutuwa rigar kowa ce, na sani, amma tasa ta zo yana da sauran ƙarfi, Ladi tana aji biyu na sakandare.

Yau cocinmu ba ya zuwa ƙauyen. Hanyar ta zama ta masu garkuwa da mutane, ba faston da zai sa matasa a mota ya tura su can. Yanzu gidan marayu na cikin gari ake zuwa, a kai buhun shinkafa, a ɗauki hoto, a dawo kafin la'asar. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ba mai zargin mutane ba ne. Ina jin kawai zai shiga neman wanda zai kai shi a babur, ni kuma in tare ƙofa ina kuka.

Bara na yi ƙarfin hali na je ƙauyen da rana tsaka, tare da ƙanena. Katanga muka tarar doguwa, an yanka filaye, an kafa allon masu gina rukunin gidaje. Mutanen sun watse. Ɗan acaɓar da ya mayar da mu titi, saurayi ne mai tabo a ƙeya, ya ce a garin aka haife shi. Na tambaye shi ko ya tuna masu zuwa daga coci.

"Mama, ban riƙe sunan kowa ba," in ji shi. "Akwai dai wani baba mai aski. Shi yana ɗumama ruwa kafin ya wanke mana kai."

Na ce mijina ne. Ya tsayar da babur, ya cire hularsa, ya tambaye ni yana ina yanzu. Na faɗa masa. Ya tayar da babur, muka ƙarasa hanya.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Akwai ranakun da na yarda da haka, akwai waɗanda ban yarda ba. Shagon ya koma na sayar da waya. Ladi ta yi aure ba uban da zai riƙe hannunta a coci. Yaran da ya goya ban san nawa ne suka rayu ba, ban kuma san inda suke ba. Abin da na samu a shekara tara shi ne mutum ɗaya a kan hanyar Kuje da ya tuna ruwan ba shi da sanyi. Bai kai girman rashin da na yi ba. Amma na san Istifanus. Da an gaya masa, cewa zai yi ya ishe shi.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baban Ladi.