’Yar tsanar da Kaka ta goya

Shekarun baya, ina ɗan shekara sha uku a garin Beltsville na Amurka, malamarmu ta ba mu labarin wata baƙar fata masaniyar halayyar ɗan Adam. Ita da mijinta sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe ’yar tsana fara da baƙa, su tambaye su wacce ta fi kyau. Yawancinsu fara suke ɗauka. Binciken ya kai har kotu, ya taimaka aka daina ware makarantu bisa launin fata.

Kafin bas ta sauke ni na riga na zama farfesa. Na aro ’yan tsana biyu a maƙwabta, na saka gilashin babana wanda da shi ko ƙofa ba na gani.

Kaka, da ta zo mana daga Kaduna, ita na fara gwadawa. Ko tambayar ba ta bari na gama ba. Ta ɗauki baƙar, ta ce wace marar imani ta bar yarinya tsirara a wannan sanyi, ta goya ta da ɗankwali. Na yi dariya har gilashin ya faɗi.

Sai ƙanwata mai shekara biyar, wadda ke jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta rungume farar. Ta nuna wadda ke bayan Kaka, ta ce waccan datti gare ta. Na tambaye ta wacce ta yi kama da ita. Ta kalli hannunta.

“Kai, ja’iri, me kishiyar tawa ta ce?” in ji Kaka.

“Cewa ta yi ta bar miki, Kaka.”

Kaka ta ji daɗi, ta sa mata albarka. Ta ɗinka wa ’yar tsanar rigar atamfa, ta sa mahaifiyata ta saye ta a hannun maƙwabtan. Ranar komawarta ta damƙa wa ƙanwata, ta ce ta riƙe mata amana.

Har yau nakan ce da Kaka ta ji ainihin maganar, da ta san abin da za ta gaya wa yarinyar. Ni farfesa, tambaya kawai na iya. Kaka kuma ba ta sake dawowa ba.

Ƙanwata ta riƙe amana. Washegarin tafiyar Kaka na same ta a banɗaki, ta cire wa ’yar tsanar riga, tana ta dirzar ta da soso da sabulu.