Ranar da Anka Sa Ni Dangwale

Ni boko ban yi mai riƙon kirki ba. Aji ukun sakandare nid dire, irin direwar da yara ka yi daga bayan akori-kura tana cikin tahiya. Amma na hito da abu guda, rubutu. Da gehen rula malaminmu na Birnin Tsaba yag gyara min hannu, har yau in sanyi ya taso gaɓoɓin yatsuna suna tuna shi. Sa hannu kuwa na ƙera wani mai wutsiya kamar ta kunama. Bangon zaurenmu ya sha shi, har cinyar jakinmu na zana ma da gawayi.

Baba bai taɓa riƙe biro ba. Ko'ina dangwale yake yi da babban yatsa, kuma abin na cin ranshi. Shi ya sa da masu rajistar manoma sunka zo Zurmi don rabon taki, yac ce ni za ni tsaya ma gidanmu.

"Ka sa musu hannu irin na ma'aikata, kowa ya gani."

Muna cikin layi yana ta hwaɗa ma mutanen Gurbin Bore da ke bayanmu cewa ɗanshi ba ya dangwale.

Mai rajistar wani saurayi ne mai tabarau. Babu takarda gabanshi, sai wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tahin hannu ba, da tsinken roba ɗaure da zare. Lokacin wayar shafa ba ta iso muna ba. Yam miƙo min tsinken ko kallona bai yi ba, yac ce in sa hannu bisa gilashin.

Na ja layi, ba abin da ya hito. Na sake, shiru. To don Allah mi aka yi ma biron da ya ƙi rubutu? Na yarfa shi. Na hura mai iska. Na ɗaga ƙahwa na goga shi a tahin takalmi, sannan na duƙa na ƙara mai da siminti. Da na dawo na danna da ƙarhi, sai ji kake ƙiii, wutsiyar kunama ta zauna a gilashi, zaman har abada.

"Kai, mi ka yi? Ba ya da tawada, ba biro ba ne."

"To mi ya hana ka hwaɗi? Ka ba mutum abu mai kan biro, da tsawon biro, ka ce ya rubuta. Wahayi za a yi min?"

"Ƙauyanci dai."

"Yallaɓai, kawo takarda ni da kai mu ga baƙauye."

Bai kawo ba. Ya jawo wata takarda dai daga jakarshi, amma ta 'yan dangwale, ya turo min kwalin tawada, yac ce ko in dangwala ko na baya ya matso. Na ce wallahi ba ni yi. Baba ya kama gehen rigata, murya ƙasa-ƙasa.

"Dangwala. Geronmu na gona ba ya jiran hushinka."

Na dangwala. Wani tsoho daga baya yac ce ma Baba, "Malam, ashe naka ɗan bokon ma da yatsa yake rubutu? Ai da ka bar shi gona, yatsan ya hi ƙwari." Layi duk ya ɗauka da dariya.

Abin da ke ƙona min rai, shekara da shekaru ana bugun hannuna don rubutu ya yi kyau, ranar da za ya yi min rana sai anka canza biro ba sanarwa. Yanzu ina cajin waya a Kaura, kullum ina ganin masu digiri suna latse-latse da manyan yatsu biyu. Duk dangwale ne, ba mai yi musu dariya.

Takin dai mun samu. Baba bai taɓa tada zancen ba. Da shekara ta zagayo anka dawo rajista, ina zaune ƙohwar gida ya hito da hularshi, yac ce in ba jaki ruwa, ya tahi shi kaɗai.