Gurgun da Zuciya Ke Goyo

Ni ne da laifi, ba ƙanena Isiyaku ba. Shekara shida ban taka gidansa ba saboda ruwa.

Muna yara a ƙauyenmu kusa da Managil a ƙasar Sudan, in an tumɓuke karan auduga, da shi kakarmu Haboba ke hura wuta bayan magariba. Ta ɗora jabana, tulun dafa gahawa, mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. "Ga ta nan, tun daga garin Makwar ta taho a ƙasa," in ji ta in za ta fara tatsuniya. Mu ce, "Ta zauna ta huta."

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da faɗa mana. Wai Zuciya ƙaƙƙarfa ce amma makauniya, Hankali kuwa gurgu ne mai ido, sai ta goya shi yana nuna hanya. Rannan ta ji ƙanshin kankana a bakin kogi, ta ce can za su. Hankali ya hango kada kwance, amma ya san in ya hana ta, yar da shi za ta yi. Sai ya ce ai gungume ne, har ya kawo dalili uku.

Na ce, "Haboba, ƙarya ya yi ke nan?"

"A'a, ya waladi, ɗana. Kafin ya kai na ukun, shi ma gungumen yake gani."

Maganar ta zauna mini a rai, ban san dalili ba.

Da muka girma, Baba ya bar wa Isiyaku hawasha, wato gonar ban ruwa, wadda ruwa ke fara isa, ni kuma ta ƙarshe. Wata safiya na tarar magudanar da ke kawo mana ruwa ta fashe daidai gonarsa, audugata na yaushi. Nan take hujjoji suka zubo mini: sawun takalmi, yadda ya kau da kai a masallaci. Sawun shanun makiyaya ma yana wurin, manya-manya. Na gani, na tsallake, na kira shi ɓarawon ruwa a gaban jama'a.

Abin da ke girgiza ni har yau, da gaske na yarda da kaina. Wani malamin makaranta ya ce mini masana sun daɗe suna binciken yadda son rai ke juya tunani. To tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta ina ta leƙa cikin mutum haka? Subhanallah.

Bayan shekara shidan nan, na je na sami Isiyaku yana cirar ciyawa. Bai ɗago ba.

"Isiyaku, tun ranar na ga sawun shanu, su ne suka fasa magudanar. Rabon Baba ne ya ci mini rai. Don Allah ka yafe wa wanka."