Sai Ruwa Ya Kwanta

A gidanmu ba a cin ƙanzo a banza. Tsarin Inna ne, mahaifiyata, wadda yarana ke kira Haboba kamar yadda yaran maƙwabtanmu Larabawa ke kiran kakanninsu. Wanda ya wanke tukunyar tuwo shi ke da ƙanzo. Wanda ya share tsakar gida ana ajiye masa gefen kisra, gurasarmu ta dawa, inda ya fi soyuwa. In kuwa ka ɗauki abinci ka bi bakin tura'a, wato magudanar ruwan noma, har hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, ka kai wa maza, to kana da dabino. Da haka ta raine mu a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad, kuma da haka ta karɓe renon nawa 'ya'yan ba tare da ta tambaye ni ba. Na sha yi mata tsiya cewa da ita ke tsaron ƙofar aljanna, sai kowa ya nuna tsintsiyarsa kafin ya shiga. Takan ce in rufe mata baki, ai ga shi na zama mutum.

'Ya'yana maza biyu sun iya ha'inci, su tura shara bayan randa su zo su miƙa hannu. Autata ce ta ɗauki abin da gaske. Siririya ce, ba ta kai shiga makaranta ba, ga taurin kai irin na kakarta. Ko baƙo ne ya miƙo mata alewa sai ta ɓoye hannu a baya, ta tambaye shi aikin da za ta yi masa tukuna. Mutane su yi ta dariya, Inna ta yi ta hura hanci.

Da yaƙi ya iso yankinmu, maigidana ya tsaya wai zai kula da dawa, mu kuma muka bi ayari zuwa Managil. Aka sauke mu a ajin wata makaranta tare da wasu iyalai. Abinci daga takiyya yake zuwa, wato tukunyar sadaka da matasan unguwa ke dafawa, yau adas, miyar wani ƙaramin wake, gobe kunu. Ba tukunyar wankewa, ba tsakar gidan sharewa. Ruwa kuwa daga tura'a masu jakuna ke kawo shi, jajir da laka, sai an ajiye shi ya kwanta kafin a sha.

Ruwan nan ne ya kama Auta. Gudawa da zazzaɓi suka kwantar da ita har ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Matar da ke raba magani a makarantar ta gaya mini gaskiya, in yarinyar nan ba ta ci ba, magani ba zai riƙe ta ba. Na kawo kunu, ta juya fuska ga bango.

"Mi niy yi? Ban yi aikin komi ba."

Na rarrashe ta, na ce sadaka ce, kowa ci yake. Na zage ta. Na matse ta tsakanin gwiwoyina na yi mata ɗura, ta amayo shi a zanena. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Na juya kan mahaifiyata a gaban mutane na ce ga tarbiyyarta nan tana kashe mini 'ya, ta zo ta kwance abin da ta ɗaura. Tsohuwar da ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da goma ba ta duƙufa ga jan carbinta.

Can ta tashi ta jawo bokitin ruwa har kusa da kan tabarmar yarinyar, ta ɗaure fuska kamar yadda ta saba in za ta raba aiki.

"Ke, kwanciya ba ta hana aiki. Ki tsare muna ruwan ga. In yak kwanta ki hwaɗi, kunu naki na."

Auta ta ɗora haɓa a bakin bokiti ta zuba ido. Da laka ta sauka ta ce ya kwanta, Inna ta leƙa, ta ce tamam, ya yi, sannan yarinya ta buɗe baki ta sha. Haka muka yi ta yi safe da yamma. Ba wani abin kirki take sha ba, amma tana sha, har na fara sa rai.

Wata safiya motar ruwa ta shigo makarantar, ruwan rijiyar burtsatse, fari tas. Mata suka yi ta guɗa. Yayyenta suka shigo da bokiti cike suna murna, suka dire a gabanta. Ta leƙa, ta ga gindin bokiti sarai, ta mayar da kai kan tabarma. Ta ce wannan ya riga ya kwanta, ba ita ta tsare shi ba. Muryarta da ƙyar take fita.

Inna ta fita waje da sandarta. Ta dawo da ƙasa cike da tafin hannu, ta watsa cikin ruwan nan da muka yi ta roƙon Allah ya kawo mana, ta sa hannu ta dama shi. Wata mata a ajin ta fara salati tana cewa tsohuwa ta zautu, na yi mata kallon da ya sa ta haɗiye sauran maganar.

Na tallafo kan Auta a cinyata yadda za ta iya gani, kwanon kunu a ɗaya hannuna. Muka zauna muna kallon laka tana juyi, tana sauka a hankali. Kunu ya huce. Saman ruwan ya fara washewa lokacin da na ji kanta ya yi nauyi a cinyata, irin nauyin da ba na barci ba. Na kira ta, na sake kira.

Babban yayanta ya zo zai janye bokitin don matan da suka shigo ta'aziyya su samu wurin zama. Inna ta tare shi da sanda, idonta na kan ruwan.

"Bas shi nan. Bai gama kwantawa ba."