Ranar da Na Kayar da Malam

Ranar Juma'a da la'asar, ina dawowa daga asibitin da nake aiki, na ga wasu 'yan Maraɗi a unguwar Al-Shifa ta Riyadh suna kokawa a kan yashin gini, abokansu na ihu, "Yalla, ɗauke shi!" Na tsayar da mota ina kallo. Sai malaminmu na kokawa a sakandare ya faɗo mini a rai, har na ji ƙamshin man zafin da kullum yake shafa wa gwiwarsa.

Maganarsa ɗaya ce: "Ƙafa, ɗana, ƙafa!"

A shekarar da zai yi ritaya muka kai wasan ƙarshe na gasar makarantu, kuma bai taɓa ɗaukar kofin ba. Aka haɗa ni da wani ƙato, na tsaya ina kallon faɗin ƙirjinsa. Malam ya kama kunnena ya ce, "Daina kallon ƙirjinsa. Da ƙirji yake tsaye?"

Da muka riƙe juna, na taɗe ƙaton ya zube rim.

Malam, wanda ko matakala sai an riƙe shi, ya rugo cikin fili, hula ta tashi, ya sunkuce ni a kafaɗa. Gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Muka kife tare. Yana kwance, gemu duk yashi, yana dariya har da hawaye, ya ce, "Alƙali, ka shaida! Yau mutum biyu yaron nan ya kayar!"

Ina nan Riyadh ya rasu, ban samu jana'izarsa ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa farin cikin da yake ciki yanzu ya fi na ranar nan.