Baka Mai Kunama

Tuƙin mota ne ya kawo ni Doha, amma a gidan maharba aka haife ni, can ƙasar Ningi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe hannuna a kan tsirkiya, kuma har bayan na yi aure ban daina shiga daji da shi ba duk rani. Mun harbi gada, mun harbi zomo ba adadi, barewa kuwa sai jefi-jefi, don ta yi ƙaranci tun kafin in yi wayo. Ba cika baki ba, idan na ga sawu a ƙasa ina iya gaya maka na safiyar yau ne ko na jiya, kuma mai shi a natse yake tafiya ko a firgice.

A unguwar Bin Omran nake zaune, ɗakin haya da muke tarayya da 'yan'uwa masu aiki iri-iri. Gadon da ke saman nawa na wani saurayi ne ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a wani babban kanti. Mutum ne mai fara'a da son gardama. Bai taɓa kwana a daji ba, ya faɗa da bakinsa, amma babu wani sabon ƙarfe da za a ƙera a duniya bai gan shi a wayarsa ba. Ni ina ce masa Ɗan Zango, shi yana ce mini Malam, saboda na girme shi.

Wata Juma'a da yamma muna zaune a Corniche, kowa da kofin shayin madara da ake kira karak, muna kallon jiragen ruwan katako suna rangaji a bakin teku, sai ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, duba abin da ya kashe sana'ar gidanku."

Wani Bature ne a bidiyon, riƙe da baka kwance a kan ƙota irin ta bindiga. Ana ɗana tsirkiyar ta tsaya da kanta, a ɗora gajeriyar kibiya, a leƙa ta madubin da ke sama, sai a ja kunama. Kibiyar ta tafi ta nutse a tsakiyar allo daga nesa mai yawa.

"Kyakkyawan ƙarfe," na ce, na mayar masa da wayar.

"Shi ke nan abin da za ka ce? Da wannan a hannuna, ko ni da ban san hanyar daji ba sai in cika maka tukunya da nama. Shekarun da kawunka ya ƙarar yana rarrafe a ƙaya, Bature ya zuba su cikin akwati yana sayarwa."

"Ɗan Zango, wannan allon da ya harba yana da hanci?"

"Wane irin hanci kuma?"

"To barewa tana da shi. Tana da kunne, tana da ƙafa huɗu. Harbi shi ne ƙaramin aiki a farauta."

Ya yi dariya har shayinsa ya zube, ya ce duk mai tsohuwar sana'a haka yake magana ranar da inji ya zo. Muka yi ta ja har aka kira magariba. Daga ranar kuwa gardamar ta zama abincin ɗakinmu. Wasu suka bi bayansa, wasu suka bi nawa, akasarinsu ba su taɓa riƙe ko gwafa ba.

Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, dattijo ne, ni nake tuƙa shi shekara da shekaru, Baba nake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi farauta da shaho da karnuka, yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Yana da gona a arewacin ƙasar, fili ne mai faɗi da aka kewaye da waya, mota ma sai ta ɗan yi tafiya kafin ta kai ƙarshensa. A ciki ya saki bareyi tun da daɗewa, suka hayayyafa, ba mai taɓa su, har suka koma tamkar na daji. Ana zuba musu ruwa da ciyawa, amma ba sa yarda mutum ya matso.

Da sanyi ya shigo, wata rana ina mayar da shi gida daga masallaci, ya ce mini zai yi baƙi, kuma mazan bareyin sun yi yawa suna ta faɗa da juna, yana so a cire ɗaya. Ba ya son ƙarar bindiga a gonar, don tana firgita garken na kwanaki. Sai ya sa aka fito da wani dogon akwati daga sito. Ɗansa da ke karatu a waje ne ya kawo masa tsaraba, ko buɗewa bai yi ba. Ina ɗaga murfin na ga bakan nan mai kunama, a wargaje, kowane ɓangare cikin ledarsa.

"Kai ka ce gidanku maharba ne," in ji shi. "Za ka iya?"

"Farautar zan iya, Baba. Haɗa wannan abu kuwa, akwai ɗan'uwana da ya fi ni sani."

"Yalla, kawo shi."

Da na gaya wa Ɗan Zango, sai da ya sauko daga gado ya rungume ni. Ya nemi musayar ranar hutu da abokin aikinsa, muka kama hanya da yammacin Alhamis, ni da shi da dattijon.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta: yaron ya san abinsa. Ya zauna a kan tabarma a gaban majalisar gonar, ya haɗa bakan tsaf ba tare da ya duba takardar ciki ba, ya daidaita madubin, ya shafa wa tsirkiyar kakinta. Ma'aikatan gonar suka jingina kwali a jikin damin ciyawa, aka zana da'ira da gawayi. Ya harba, kibiya ta faɗa cikin da'irar. Ya sake, ta kwanta kusa da 'yar'uwarta.

Aka miƙo mini. Abin ya yi mini nauyi a gaba, kuma hannuna ya saba ɗaga baka sama kaɗan saboda kibiyarmu tana sunkuyawa a hanya. Na ja kunama, kibiyar ta bi ta saman damin ta tafi neman dabino. Ma'aikata suka kwashe da dariya, Ɗan Zango har da tafi.

"Malam, ina hancin allon? Ko shi ma ya ji ƙanshinka ya kauce?"

Na yi dariya tare da su. Raina bai ɓaci ba ko kaɗan, don na san inda za a je gobe. Na ƙara gwadawa har hannuna ya fara gane abin, amma ban kai shi ba, na kuma faɗa a gaban kowa.

Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, Ɗan Zango ya saɓa baka ya ce a bar shi ya fara shi kaɗai. Dattijon ya sa aka ajiye masa kujera a kan wani tudu, ya lulluɓa da bargo, ya ɗauki madubin hangen nesa. Na tsaya kusa da shi. Muna ganin garken can a wani kwari, suna kiwo a gindin itatuwan ƙaya.

Mutumina ya nufe su kai tsaye, cikin farar riga, iska na bugun bayansa, ga turaren da ya fesa tun a ɗaki. Bai yi rabin hanya ba wata uwa ta ɗaga kai, ta buga ƙafa, garken duka ya tashi kamar an watsa tsakuwa. Ya bi su. Suka tsaya nesa suna kallonsa, ya matsa, suka ƙara gaba. Haka suka yi ta jan sa har rana ta ɗaga. Dattijon ya sauke madubinsa yana murmushi.

Da ya dawo, gumi ya jiƙa shi duk da sanyin. Ya zauna a ƙasa yana haki.

"Ko sau ɗaya ban samu na ɗora ido a madubin ba," ya ce. "Waɗannan ba dabbobi ba ne, aljanu ne."

"Sha ruwa. Da la'asar za mu koma tare."

Na sa ya wanke jikinsa ba sabulu, na aro masa tsohuwar riga mai launin ƙasa wurin wani ma'aikaci. Kafin nan na zaga ni kaɗai na duba ƙasa. Sawun ya nuna mini hanyar da suke bi zuwa kwamin ruwa, da inda suke tsayawa su saurara kafin su ƙarasa. Akwai wani ɗan gangare kusa da wurin, da kututturen itace da iska ta kayar.

Da la'asar na ɗebi rairayi na saki, na ga inda ya karkata. Muka yi doguwar kewaya don iska ta riƙa zuwa daga wajensu zuwa fuskarmu. Da muka kusa na sa ya cire takalmi, muka ƙarasa da rarrafe, muka kwanta bayan kututturen.

"Yanzu sai me?" ya raɗa mini.

"Sai jira."

Jiran nan ya fi rarrafen wahala a wurinsa. Ƙuda ya dame shi, ƙafarsa ta yi sanyi, sau da yawa yana so ya ɗaga kai ina danne shi. Can rana ta yi ja, sai ga su suna tahowa a jere, uwar nan a gaba. Ta tsaya, ta juya kunnuwa, ta daɗe tana shaƙar iska, sannan ta sunkuya ga ruwa. Wani namiji mai kaurin ƙaho ya biyo baya.

Na ba shi bakan, don hannunsa ya fi nawa a kansa. Ya ɗora ido a madubin. Mutumin da jiya ya jera kibau a da'ira ɗaya, yanzu numfashinsa har ina ji. Na ɗora tafina a bayansa.

"Kada ka harba. Akwai mace a bayansa. Bari ta gota."

Muka jira ta gota. Namijin yana fuskantarmu, na ce ya ƙara haƙuri har ya ba mu gefe. Da ya juya, na ce, "Bayan kafaɗa. Saki numfashi. Yi bismilla."

Ya yi bismilla ya ja kunama. Garken ya watse, namijin ya yi tsalle ya bi su, ya ɓace bayan tudu.

"Na kuskure!" ya ce, kamar zai yi kuka.

"Ba ka kuskure ba. Taso."

Na ga yadda ya ɗaga ƙafar gaba da ya yi tsallen. Muka bi ɗigon jini a kan tsakuwa, ba nisa muka same shi kwance a gindin wata ƙaya, da sauran rai. Na fuskantar da shi alƙibla na yanka. Ɗan Zango ya durƙusa ya shafa wuyan dabbar.

Akwai abin da na gane a ranar, ban kuma ɓoye masa ba. Daga inda muka kwanta, bakan kawuna ba zai kai ba. Da shi ne a hannuna, sai na ƙara cin rabin tazarar, kuma a wannan fili da babu ciyawar ɓuya, ba lallai in samu ba. Ƙarfen ya yi aikinsa, ya yi shi da tsabta, dabbar ba ta wahala ba. Amma ƙarfen nan shi ne dai a hannunsa da safe, lokacin da bareyi suka yi ta yawo da shi a rana. Har gobe a nan na tsaya: kayan aiki suna gajarta maka tazara, sanin daji ne yake kai ka inda tazarar za ta yi amfani.

Dattijon ya zo a mota har wurin, ya duba inda kibiyar ta shiga, ya gyaɗa kai. Ɗan Zango ya so ya sa shi ya raba mana gardama, ya ce da nunin hannu da guntun Larabci, "Baba, baka ne ko Malam?" Dattijon ya kaɗa hannu ya ce, "Khalas, ya isa, a ɗauki nama kafin duhu." A hanyar komawa majalisa ya yi ta ba mu labarin wani shaho da ya taɓa yi, wanda ya yi wata guda yana ɗauke da shi a hannu kafin tsuntsun ya yarda ya ci abinci a gabansa.

Ya ba mu cinya guda da haƙarƙari. Ranar Asabar muka dafa a ɗan kicin ɗinmu na Bin Omran, da yajin da matata ta aiko mini da shi, ƙamshi ya cika bene har maƙwabtanmu 'yan Sudan suka leƙo, muka zuba musu. Muna cikin ci Ɗan Zango ya fara ba da labari, yana nuna yadda ya kwanta, yadda ya riƙe numfashi. Ya faɗi yawon da bareyi suka yi da shi da safe ma, bai rage ba. Wani direba ɗan Gusau ya tambaye shi ko zai iya komawa shi kaɗai yanzu.

Ya tsotse ƙashi, ya yi tunani.

"Zan iya," ya ce. "Amma ba bana ba."